Matakala Ashirin Da Bakwai

Ni ne Evaristo, mai gadin ƙofa
a tsangayar lauyoyi, kan tudu a Valparaíso,
garin da gidaje ke taka kafaɗun juna
don su leƙi teku.
Shekara sha tara ina share matakalar nan,
ban taɓa ƙirga ta ba.

Ailen Painemal ce ta ƙirga.
Ranar farko, takardar shiga a cinyarta,
ta tsai da keken guragunta a ƙasa,
ta ɗaga kai kamar mai duban wata.
Ashirin da bakwai, in ji ta.
Na ce, 'yata, wannan ai abu mai sauƙi ne.

Na kira Baltazar mai goge-goge.
Shi dama, ni hagu,
muka sungume ta, ita da keken da littattafan.
Haka Litinin, haka Talata,
haka ranar da ruwa ya mai da dutsen sabulu,
haka ranar jarrabawa da ta sa farar riga
yatsuna suka bar mata baƙin mai a hannu.
Shugaban tsangaya ya dafa ni a gaban baƙi,
wai ga irin zuciyar da jami'a ke taƙama da ita.
Na koma gida kaina ya fi ƙarfin hulata.

In muna ɗauke da ita ba ta magana.
Sai a sama, in ta gyara rigarta,
take cewa na gode, idonta a wani wuri.
Na ɗauka kunya ce.

Sai Baltazar ya tafi kudu binne mahaifiyarsa.
Kwana uku tana ƙasa
tana tsintar guntun darasi daga taga,
jiragen ruwa suna cinye sauran da kukansu.
Rana ta huɗu ta ce:
Ka san abin da ya sa ba su yi mini hanya ba?
Suna da kai.
Bayanka ya fi siminti araha.

Ban ci abinci ba daren nan.
Matata ta ce, ka tashi, ai wanda ya faɗa maka gaskiya
bai zage ka ba.

Baltazar ya dawo, mun naɗe hannun riga,
ta ce yau kada wanda ya taɓa ni.
Ta buɗe littafi a gindin matakala.
Na tsaya, tafukana na ƙaiƙayi.
Biyu suka zauna kusa da ita, sai tara.
Sai Anselmo da farar sandarsa,
wanda ya shekara yana jiran littafin da yatsa ke karantawa.
Sai wata kurma da ban san sunanta ba,
hannayenta na faɗa da iska, ba mai fassara.
Wajen ƙarfe sha ɗaya tsohuwar malama ta sauko da alli,
ta yi rubutu a jikin bangon da nake wankewa.
Ban ce mata komai ba.
Kwana goma sha ɗaya ana karatun shari'a a bakin titi,
motocin haya na hon, tsuntsayen teku na shawagi.

Wata bakwai kafin a zuba simintin.
Na farko ya yi tsaye kamar goshin akuya,
ta gwada sau ɗaya, ta ce a fasa.
Aka fasa.
Ɗakin karatu har yau yana hawa na uku,
an ce sai kasafin baɗi.
Anselmo ya samu littafi biyu cikin takwas.

Yanzu da safe takan wuce ni a guje,
a makare kamar kowa,
yatsa biyu take ɗaga mini daga kan taya.
Na ɗauki buhuna a tashar jirage ina saurayi,
ban taɓa ɗaukar abin da ya kai nauyin
hannayena biyu a aljihu ba.

Sabuwar hanyar ta fi matakala cin lokacin shara.
Ganye na son kwanarta.
Da ita nake farawa.